Daga Somnath Zuwa Ayodhya: Me Ya Shiga Tsakanin 'Yan Hindu Da Musulmin Indiya?

 

Duk lokacin da bidiyon wani Musulmin Indiya da ake duka a kan zargin safarar shanu ya zagayo wayoyinmu, sharhin da ke biyo baya kala biyu ne. Wasu su ce ai gaba ce ta asali, mai kaɗaita Allah da mai bautar gunki ba sa shan inuwa ɗaya. Wasu kuma su ce Turawa ne suka haɗa su faɗa, kafin zuwansu lafiya lau ake zaune. Ni kaina na daɗe a kan magana ta biyu, don ita ce mai daɗin faɗa. Da na zauna na bi tarihin, sai na ga kowace daga cikinsu ta kama wani gefe ta saki wani.

Mu da muka taso da finafinan Indiya ya kamata mu fi kowa shakkar maganar gabar asali. Dilip Kumar da iyayenmu suka sani, sunansa na yanka Yusuf Khan. A fim ɗin Baiju Bawra na 1952 akwai wata fitacciyar waƙar bauta ta 'yan Hindu, wadda Shakeel Badayuni ya rubuta, Naushad ya yi mata kiɗa, Mohammed Rafi ya rera, kuma dukkansu ukun Musulmi ne. Shekara biyar ke nan kacal bayan mutanen ƙasar sun karkashe junansu da sunan addini. Wannan cakuɗewar ita ce abin da ke da wuyar fahimta game da Indiya.

Musulunci bai shiga ƙasar ta ƙofa ɗaya ba. Ta kudu, a gaɓar Malabar, fatake Larabawa ne suka kawo shi a jiragen ruwa, suka auri matan wurin, sarakunan Hindu suka ba su filin masallaci. Ta arewa kuwa da dawaki ya shigo. Muhammad bin Ƙasim ya ci Sindh a wajen shekarar 712, sannan bayan kusan shekara ɗari uku Mahmud na Gazna ya riƙa saukowa daga Afganistan yana kai hari, har sau goma sha bakwai a ƙidayar da aka fi sani. Wanda ya fi shahara shi ne na Somnath a Gujarat, a 1026, inda ya fasa gunkin ya kwashe dukiyar haikalin.

A nan ina roƙon 'yan uwa mu yi adalci, kada mu wanke abin da bai wanku ba. Al-Biruni, malami Musulmi da ya rayu a zamanin Mahmud, ya koyi harshen Sanskirit ya rubuta littafi a kan Indiya, kuma shi da kansa ya faɗa cewa hare-haren Mahmud sun rusa arzikin ƙasar sun dasa wa 'yan Hindu ƙin Musulmi. Shaidar ɗan gida ce. Amma shi wannan Mahmud ɗin ya kai wa Musulmin Multan hari saboda 'yan Isma'iliyya ne. Kuma a garin na Somnath an samu wani rubutun dutse na 1264 da ke nuna manyan garin, 'yan Hindu, sun yarje wa wani attajiri Musulmi daga Hormuz, Nuruddin Firuz, ya mallaki fili ya gina masallaci. Da a ce gabar a raye take yadda ake ba da labarinta yau, da hakan bai yiwu ba a wannan gari musamman.

Daular Mughal da Babur ya kafa a 1526 ita ma fuska biyu gare ta, kuma yau kowane ɓangare na ɗaukar wadda ta yi masa. Akbar ya soke jiziya a 1564, ya auri 'ya'yan sarakunan Rajput, ya damƙa harajin daula a hannun Todar Mal, ya sa aka fassara Mahabharata zuwa Farisanci. A yaƙin Haldighati na 1576, wanda wasu ke koyarwa yau a matsayin karon Hindu da Musulmi, kwamandan rundunar Akbar ɗan Hindu ne, Man Singh, a ɗaya ɓangaren kuma akwai Musulmi, Hakim Khan Sur, yana yaƙi a ƙarƙashin Rana Pratap. Sai Aurangzeb ya zo. Ya kashe yayansa Dara Shikoh a rikicin gadon sarauta, ya ba da umarnin rusa babban haikalin Banaras a 1669 da na Mathura a shekarar da ta biyo baya, ya dawo da jiziya a 1679. A Banaras an gina masallacin Gyanvapi a wurin, kuma har yau ana ganin ragowar bangon haikalin a jikinsa. Ku riƙe wannan suna, za mu dawo kansa. Duk da haka, a ƙarshen mulkin Aurangzeb kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan hakimansa 'yan Hindu ne, adadin da ya zarce na zamanin Akbar.

Abin da na fahimta shi ne, sarakunan nan faɗan mulki suke yi, kuma haikalin sarkin da ya yi tawaye alamar ikonsa ce, shi ya sa ake rusa shi. Masanin tarihi Richard Eaton ya bi littattafan zamanin ya tabbatar da rusau tamanin a cikin shekaru sama da ɗari biyar. Masu tsattsauran ra'ayin Hindu suna cewa dubbai ne. Ko tamanin ɗin ne, wanda aka rusa wa wurin bauta ba ya ƙirga shi da lissafin malaman jami'a. Ciwon ya wanzu.

Akwai kuma nisan da ke tsakanin talakawa, wanda ba sarki ne ya kawo shi ba. Tsarin jinsi na Hindu ya ɗauki Musulmi a matsayin wanda taɓa shi ke ɓata tsarki. Har zuwa shekarun 1940, a tashoshin jirgin ƙasa ana tallar ruwan sha kashi biyu, na Hindu daban na Musulmi daban. Maƙwabci zai zo maka gaisuwar mutuwa amma ba zai ci abinci a kwanonka ba. Musulmi kuma a nasa ɓangaren yana kallon maƙwabcin a matsayin mushriki, ba ya ba shi 'ya ba ya karɓar tasa. An yi ɗaruruwan shekaru ana kasuwa tare, ana ziyartar ƙaburburan waliyyai irin Mu'inuddin Chishti na Ajmer tare, amma tukunya ba ta haɗu ba.

To ina hannun Turawa? Yana nan, sai dai ya fi yadda muke zato zurfi. Sun fara ne da alƙalami. A 1817 James Mill, wanda bai taɓa taka Indiya ba, ya rubuta tarihinta ya raba shi zamani uku: na Hindu, na Musulmi, da na Birtaniya. Ku lura, na ukun bai kira shi na Kirista ba. Wannan rabon ya shiga makarantu, yara suka taso da cewa akwai wani zamanin zinare na Hindu da Musulmi suka zo suka ruguza, Turawa kuma suka zo ceto. A 1842 gwamna Ellenborough ya sa sojojinsa suka ciro wasu ƙofofi daga ƙabarin Mahmud a Gazna, ya yi shela cewa ƙofofin Somnath ne da aka sace, yau an rama wa 'yan Hindu cin mutuncin shekara ɗari takwas. Da aka bincika sai aka ga ƙofofin ba su da wata alaƙa da Somnath. Suna nan ajiye a gidan sarautar Agra. Ƙofofin na bogi ne, amma labarin ramuwar ya zauna.

A 1857 sojojin Indiya, Hindu da Musulmi, suka yi wa kamfanin Turawa bore tare, bayan ya bazu cewa ana shafa wa harsashin sabuwar bindiga kitsen saniya da na alade. Suka nufi Delhi suka ɗaga tsohon sarkin Mughal, Bahadur Shah Zafar, a matsayin jagora. Turawa sun murƙushe boren, suka kori sarkin zuwa Rangun, suka fi ɗora laifin a kan Musulmi, har babban masallacin Delhi suka ƙwace sai a 1862 suka mayar. Darasin da suka ɗauka shi ne haɗuwar waɗannan biyun haɗari ce ga mulkinsu.

Amma a ganina, abin da ya fi komai sauya Indiya ba makirci ba ne a ɓoye, aikin ofis ne: ƙidayar jama'a. Daga 1871 gwamnati ta fara ƙirga mutane bisa addini. Kafin nan mutum ɗan ƙauyensu ne, ɗan jinsinsu, mai sana'a kaza. Akwai al'ummu irin Meo na Mewat da ke da sunayen Hindu suna kuma yin kaciya da binne mamaci. Malamin ƙidaya ya zo da takarda mai gurbi, dole ka shiga ɗaya. Daga nan kowa ya san ko shi mai rinjaye ne ko marar rinjaye, a ƙasa da lardi da gunduma. Musulmi suka ga ba su kai rubu'i ba. 'Yan Hindu kuma suka ga kason nasu na ɗan raguwa daga ƙidaya zuwa ƙidaya, har wani U. N. Mukherji ya fitar da ɗan littafi a 1909 yana cewa Hindu al'umma ce mai mutuwa. Mai rinjaye yana tsoro, marar rinjaye yana tsoro. Wannan tsoron guda biyu shi ne ke tafe har yau.

Sai neman aiki. Farisanci ne harshen kotu tun zamanin Mughal, Turawa suka sauke shi a 1837. A arewa Urdu ya gaje shi, da baƙaƙen Larabci, abin da ya bar manyan gidajen Musulmi da rinjaye a aikin gwamnati. 'Yan bokon Hindu suka taso suna neman a koma Hindi da rubutun Nagari, kuma a 1900 gwamnan lardin ya amince a yi amfani da shi a kotuna. A bakin talaka Hindi da Urdu kusan harshe ɗaya ne, wanda muke ji a fim. Rigimar ta ɗan wa zai zama akawu ce. A Bengal ta gabas kuwa lamarin a juye yake: masu gonaki da masu ba da bashi galibi 'yan Hindu, manoman da ke biyan galla Musulmi. Duk rikicin mai gona da manomi sai ya fito da rigar addini.

Sannan saniya. Ƙungiyar Arya Samaj da Dayananda Saraswati ya kafa a 1875 ta ɗauki kare saniya a matsayin tuta, aka buɗe ƙungiyoyin kare shanu gari-gari. Musulmin Indiya mafi yawansu Hanafawa ne, kuma a mazhabarsu mutum bakwai na iya haɗa kuɗi su yi layya da saniya ɗaya, wanda ya fi sauƙi ga talaka a kan sayen rago. Shi yana ganin ibadarsa ake son hana shi, maƙwabcinsa yana ganin uwarsa ake yankawa. A babbar sallar 1893 aka yi mummunan rikici a yankin Azamgarh, a shekarar kuma Bombay ta kama. Abokin wannan rigima shi ne kiɗa a ƙofar masallaci: jerin gwanon bikin Hindu ya biyo ta gaban masallaci da ganguna lokacin salla, waɗannan su ce ba a tsayar da kiɗan allolinsu, waɗancan su ce ba a yi musu kiɗa a kan salla. An rasa rayuka da yawa a kan wannan.

Da siyasar zaɓe ta shigo sai ta tarar da itace a bushe. An kafa jam'iyyar Congress a 1885, Sayyid Ahmad Khan na Aligarh ya shawarci Musulmi su nisance ta, don a lissafinsa duk zaɓen da za a yi da yawan kai, ƙuri'a ɗaya gare su a gaban uku ko huɗu. Aka kafa Muslim League a Dhaka a 1906, kuma a 1909 Turawa suka ba Musulmi kujeru na daban waɗanda Musulmi kaɗai ke zaɓa. A ido kariya ce ga marasa rinjaye, kuma su suka roƙa. Amma ku duba yadda abin ke aiki. Ɗan takarar da ba ya buƙatar ƙuri'ar ɗan Hindu ko ɗaya, me zai sa ya sassauta harshe? Wanda ya fi tsorata mutanensa shi ke ci. Haka shi ma ɗan takarar ɗaya ɓangaren.

Ba wai ba a gwada haɗuwa ba. A 1916 Congress da League suka ƙulla yarjejeniya a Lucknow, kuma wanda ya yi tsaye a kanta shi ne Muhammad Ali Jinnah, har ana masa laƙabi da jakadan haɗin kan Hindu da Musulmi. Bayan yaƙin duniya na farko Gandhi ya mara wa Musulmi baya a fafutukar kare halifancin Usmaniyya. Amma a 1921 manoma Musulmi na Malabar suka yi bore, aka kashe masu gonaki 'yan Hindu, aka tilasta wa wasu musulunta. A 1922 Gandhi ya dakatar da gwagwarmayar ba tare da shawara da abokan tafiyarsa Musulmi ba, a 1924 kuma Turkiyya da kanta ta soke halifancin. Abin da ya haɗa su ya watse, kowa ya koma gida yana zargin ɗan uwansa.

Shekarun 1920 su ne suka haifi kusan duk abin da muke gani yau. Arya Samaj ta shiga ƙauyuka tana mayar da Musulmi zuwa Hindu, Musulmi suka mayar da martani da wa'azi, kuma a wannan yanayi ne Maulana Muhammad Ilyas ya fara Jama'atut Tablig a Mewat, ita dai wadda muke ganin jama'arta a masallatanmu. A 1923 Savarkar ya fitar da littafinsa na Hindutva, inda ya ce ɗan ƙasa na gaskiya shi ne wanda Indiya ce ƙasar kakanninsa kuma ita ce ƙasarsa mai tsarki. Da wannan ma'auni, duk mai fuskantar Makka ya zama baƙo a garin da aka haifi kakansa. A 1925 aka kafa RSS a Nagpur. A 1926 wani Musulmi ya harbe Swami Shraddhanand, jagoran masu mayar da mutane Hindu. A Lahore wani ɗan Arya Samaj ya buga ɗan littafin ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), aka kashe shi a 1929. Kowane ɓangare ya samu gawar da zai riƙa nunawa.

A zaɓen larduna na 1937 League ba ta ci ko rubu'in kujerun Musulmi ba. Congress ta yi nasara, kuma a lardin United Provinces ta ce ba za ta ɗauki 'yan League a gwamnati ba sai sun narke a cikinta. A wurina wannan na cikin manyan kurakuran Nehru da abokansa, girman kan mai nasara ne. Jinnah ya samu hujjar da yake nema: ga abin da zai same ku ranar da Bature ya tafi. A 1940 a Lahore League ta nemi ƙasa ta daban, a zaɓen 1945 kuma ta lashe duk kujeru 30 na Musulmi a majalisar tsakiya. Kada mu manta cewa manyan malamai sun ƙi rabuwar. Abul Kalam Azad da Husain Ahmad Madani na Deoband sun tsaya a kan a zauna ƙasa ɗaya, suna gargaɗin cewa Musulmin da za a bari a baya su za su biya kuɗin sabulu.

A ranar 16 ga Agusta 1946 League ta kira gangami, Kalkata ta kama da wuta, aka kashe mutum kusan 4,000 cikin 'yan kwanaki. Aka kashe 'yan Hindu a Noakhali, aka rama a kan Musulmi a Bihar. Turawa suka yi gaggawar tattara komatsansu, suka ɗauko wani lauya, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa zuwa Indiya ba, suka ba shi mako biyar ya ja layi. Ba a bayyana layin ba sai ranar 17 ga Agusta 1947, bayan an riga an yi bikin 'yancin kai. Mutum kusan miliyan 15 suka bar gidajensu. Waɗanda suka mutu ana ƙiyasta su daga dubu ɗari biyu har zuwa miliyan biyu. Jiragen ƙasa sun riƙa isa Lahore da Amritsar cike da gawa, an sace dubun-dubatar mata daga kowane ɓangare, Musulmi da Hindu da Sikh. Gandhi da ya yi azumi don a daina kashe Musulmin Delhi, ɗan Hindu ne, Nathuram Godse, ya harbe shi ranar 30 ga Janairu 1948.

Gargaɗin su Azad ya tabbata. Da yawa daga cikin masu kuɗi da masu ilimin Musulmin arewa suka ƙaura Pakistan, aka bar talakawa da tambayar da ba ta ƙarewa: ku na wane ɓangare ne? Kowane yaƙi da Pakistan, a 1947, 1965, 1971 da 1999, sai a sake yi musu ita. Korar 'yan Hindu na Kashmir daga gidajensu a 1990 da harin Mumbai na 2008 sun ƙara wa masu wannan tambaya ƙarfi. A ƙidayar 2011 Musulmi kashi 14.2 ne cikin 100, mutum kusan miliyan 172, amma rahoton kwamitin Sachar na 2006 ya nuna kasonsu a manyan ma'aikatan gwamnatin tarayya bai wuce kusan kashi 3 ba.

Labarin Masallacin Babri kowa ya san ƙarshensa, abin da ba a cika faɗa ba shi ne lissafin ƙuri'ar da ke ciki. A 1985 Kotun Ƙoli ta yanke wa wata tsohuwa, Shah Bano, hukuncin cewa mijin da ya sake ta ya ci gaba da ciyar da ita. Malamai suka ce an taɓa shari'a, gwamnatin Rajiv Gandhi ta yi doka a 1986 ta warware hukuncin. A farkon wannan shekarar kuma aka buɗe ƙofar masallacin ga masu bautar Ram, wadda take kulle tun da aka shigar da gumaka ciki a Disambar 1949. An so a faranta wa kowa, sai aka fusata kowa. BJP da ke da kujera 2 a 1984 ta samu 85 a 1989. A 1990 Advani ya hau mota mai siffar karusar yaƙi ya nufi Ayodhya, kuma ba da ka ya zaɓi wurin tashi ba: daga Somnath ya taso. Ranar 6 ga Disamba 1992 aka rusa masallacin, mutum kusan 2,000 suka mutu a rikicin da ya biyo baya. A 2002 aka ƙona mahajjatan Hindu 59 a jirgin ƙasa a Godhra, Gujarat ta kama, alƙaluman gwamnati suka ce Musulmi 790 da 'yan Hindu 254 ne suka mutu.

Wani bincike ya ƙara tabbatar mini cewa gabar ba a jini take ba. Ashutosh Varshney ya bi rahotannin rikice-rikicen daga 1950 zuwa 1995, ya gano cewa ƙauyuka, inda mafi yawan Indiyawa ke zaune, kasonsu a mace-macen kaɗan ne ƙwarai, kuma birane takwas kacal ne suka ɗauki kusan rabin waɗanda aka kashe a birni. Ya gwada Aligarh da Calicut, masu kusan kason Musulmi iri ɗaya. Aligarh ba ta rabo da rikici, Calicut kuwa lafiya, domin a can 'yan kasuwa da ma'aikata na addinan biyu suna ƙungiya ɗaya, jita-jita na tashi su kashe ta tun ba ta kai unguwa ba. Steven Wilkinson kuma ya nuna cewa gwamnatin jihar da ke buƙatar ƙuri'ar Musulmi takan tura 'yan sanda su tsayar da rikici cikin sa'o'i, wadda ba ta buƙata kuwa takan bar shi ya ci.

A Nuwambar 2019 Kotun Ƙoli ta ce rusa Babri ya saɓa doka, amma ta ba 'yan Hindu filin, ta ce a ba Musulmi eka biyar a wani wuri. A Janairun 2024 Firaminista Modi ya jagoranci buɗe haikalin Ram. Akwai dokar 1991 da ta ce, ban da Ayodhya, kowane wurin bauta ya tsaya a matsayin da yake ranar 15 ga Agusta 1947. Duk da haka, kwana tara bayan bikin Ayodhya, wata kotu a Banaras ta ba 'yan Hindu izinin yin bauta a ɗakin ƙarƙashin masallacin Gyanvapi, wanda aka gina bayan rusau ɗin Aurangzeb na 1669. Masu salla a sama, masu bauta a ƙasa, 'yan sanda a ƙofa, shari'ar kuma tana gaban alƙali.